Sa'a da Nahisa: Tarihin Kalandar Hindu da Rigimar da Ta Ƙi Ƙarewa



Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya, ko na da da ake nunawa a sinima ko na yanzu masu fassarar Hausa, ya san wannan fitowar. An kunna wutar aure, ango yana zaune, amarya ba ta fito ba, sai pandit ya dubi agogo ya ce a hanzarta, lokaci zai wuce. Yawancinmu mun ɗauka gajen haƙuri ne irin na tsofaffi. Ba haka ba ne. Lokacin da yake magana a kai suna kiransa muhurat, an lissafo shi ne tun watanni kafin bikin, kuma wani sa'in bai fi 'yan mintuna ba. Yana iya faɗowa ƙarfe biyun dare. Idan ya kuɓuce, sai a jira wani, wanda zai iya ɗaukar makonni.

Hausa ta ma sauƙaƙa mana fahimtar abin, domin kalmar "sa'a" a bakinmu tana nufin awa, tana kuma nufin dace. A wurin mabiya addinin Hindu waɗannan ma'anoni biyu ba su taɓa rabuwa ba. Kalandarsu tana amsa tambayar "yau wace rana ce", sannan a shafi ɗaya tana amsa tambayar "yanzu lokacin sa'a ne ko na nahisa". Ba sai na faɗa ba, a addininmu duba da camfa rana abin hani ne, har Larabganar da wasu ke tsoro a ƙarshen watan Safar malamai sun yi ta bayani a kanta. Abin da ya kawo mu nan tarihi ne: yadda aka gina wannan kalanda, da yadda gwamnatin Indiya ta taɓa ɗaura ɗamarar gyara ta, da abin da gyaran ya haifar.

Littafin kalandar sunansa panchang, ma'anarsa gaɓoɓi biyar, domin abubuwa biyar yake faɗa game da kowace rana. Mafi muhimmanci shi ne tithi, kuma shi ne ke rikita baƙo. Tithi ba kwana ba ne. Idan wata ya rabu da rana a sararin sama yana ƙara nisa da ita, duk digiri 12 da ya ƙara tithi ɗaya ke nan. Zagaye cikakke digiri 360 ne, saboda haka tithi 30 ne a wata, 15 a rabin da haske ke ƙaruwa, 15 a rabin da yake raguwa. To amma wata ba ya tafiya da gudu ɗaya. Wani tithin yakan ƙare cikin kimanin awa 19, wani ya kai 26. Yana iya farawa ƙarfe ukun yamma ya ƙare washegari da hantsi. Ƙa'idar da suka bi ita ce, tithin da hudowar rana ta riska shi ke ba yinin suna. Daga nan abin mamaki ke fitowa. Gajeren tithi zai iya shiga bayan rana ta fito ya fita kafin ta sake fitowa, sai a wayi gari babu shi a kalanda, a tashi daga 4 ga wata a faɗa 6. Dogon tithi kuma zai iya riskar hudowar rana sau biyu, sai a yi kwana biyu a jere duk sunansu 9 ga wata. Ƙari a kan haka, rana tana fitowa a Kolkata kusan awa guda kafin ta fito a Mumbai, don haka panchang ɗin wani gari ba ya yi wa wani gari aiki.

Gaɓa ta biyu ita ce nakshatra, wato masaukin wata a cikin taurari. Sun raba hanyar wata gida 27, kowane gida digiri 13 da minti 20. Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Larabawa suna da manzilolin wata 28, waɗanda malamanmu na hisabi da manoma ke ƙirga damina da su, kwana 13 ga kowane tauraro. Surayya, wadda Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, ita ce Krittika a wurinsu. Dabaran kuma shi ne Rohini. Ta uku ranar mako ce, kuma kowace rana tana da mai ita: Lahadi ta rana, Litinin ta wata, Talata ta Marrihu, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zahra, Asabar ta Zuhalu. Sauran biyun, yoga da karana, lissafi ne da ake fitarwa daga matsayin rana da wata. Karana rabin tithi ne, kuma akwai guda da ake kira Bhadra wanda ba a son fara komai a cikinsa.

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, tazarar kwana 11 ke nan. Mu a lissafin Hijira mun bar tazarar yadda take, tun da Musulunci ya hana ƙara wata a shekara, shi ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa damina zuwa hunturu. Su kuwa bukukuwansu a ɗaure suke da yanayi, dole Holi ya zo a ƙarshen sanyi, Diwali a bayan damina. Don haka kusan duk bayan wata 32 da rabi sai su cusa ƙarin wata guda, adhik maas. A 2023 watan Shravan sau biyu aka yi shi. Kuma ko a kan farkon wata ba su haɗu ba. A arewacin ƙasar wata yana ƙarewa ne ranar da ya cika, a kudu da yamma kuma ranar da ya ɓace. Tamilawa da mutanen Bengal da na Kerala da watannin rana suke ƙirga. Shekarun ma kowa da inda ya faro: Vikram daga shekara 57 kafin Miladiyya, Shaka daga 78 Miladiyya, Kollam ta Kerala daga 825.

Asalin duk wannan wahala ibada ce. Hadayun da littattafan Veda suka tsara suna da lokuta ƙayyadaddu, kuma a aƙidarsu hadayar da aka yi ba a kan lokaci ba ta ɓaci. Littafi mafi tsufa da ya iso zamaninmu a kan lissafin shi ne Vedanga Jyotisha, wanda ake danganta wa wani mai suna Lagadha, an rubuta shi tun kafin Miladiyya. A cikinsa akwai zagaye na shekara biyar mai kwana 1,830, kuma an raba kwana zuwa muhurta 30, kowace ɗaya minti 48 a agogonmu. Kalmar da pandit ɗin fim ke faɗa daga nan ta samo asali. Da farko ma'auni ce kawai kamar awa, daga baya ta koma nufin zaɓaɓɓen lokaci. Agogonsu kuwa wata 'yar tasa ce ta jan ƙarfe mai huda a gindi, a ɗora ta a kan ruwa, idan ta cika ta nutse an ci ghati ɗaya, minti 24.

Burujai 12 da duban taurarin haihuwar mutum daga baya suka shigo, ta hanyar cuɗanya da Girkawa a ƙarnonin farko na Miladiyya. Shaidar tana cikin harshen kansa: hora, ɗaya daga sunayen ilimin duba a Sanskrit, kalmar Girkanci ce. Varahamihira, wanda ya zauna a Ujjain a ƙarni na 6, ya tattara mazhabobin hisabi biyar a littafi ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu sunanta Romaka, wato ta Rumawa. Ujjain ɗin nan ita ce cibiyar lissafinsu, daga layinta ake auna gabas da yamma kamar yadda ake yi da Greenwich a yau. Wajen shekarar 770 wata tawaga daga Sind ta kai wa Halifa Mansur littafin hisabin Indiya a Bagadaza, aka mayar da shi Larabci da sunan Sindhind, har sunan Ujjain ya shiga littattafan Larabawa a matsayin Arin. Ita kanta Bagadaza, masu duban taurarin fada ne suka zaɓa wa Mansur ranar aza harsashinta a 762, don kada mu ɗauka sarakunan Indiya ne kaɗai ke da wannan ɗabi'a. Bayan haka Al-Biruni ya koyi Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya keɓe babobi ga ranakun da Hindu ke girmamawa da lokutan da suke gudu.

Cikin lokutan da ake gudu babu wanda ya kai na Rahu suna. A tatsuniyarsu, lokacin da alloli da aljanu suka kaɗa teku suka fitar da ruwan rashin mutuwa, wani aljani ya yi shigar burtu ya zauna a sahun alloli ya kurɓa. Rana da wata suka tona masa asiri, Vishnu ya fille masa kai kafin ruwan ya wuce maƙogwaro. Kan bai mutu ba, shi ne Rahu, gangar jikin kuma Ketu. Tun daga nan Rahu yake farautar waɗanda suka yi masa tsegumi. Idan ya kama ɗayansu ya haɗiye sai a yi husufi, amma tun da ba shi da ciki sai abin da ya haɗiye ya fito ta wuya. Mu ma nan idan wata ya yi husufi yara kan fita da kiɗan gwangwani suna roƙon rana ta sake shi, don haka kada mu yi saurin dariya.

Masanansu sun san gaskiyar lamarin tun da daɗewa. Aryabhata, a littafin da ya kammala a 499 yana ɗan shekara 23, ya bayyana cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, wata kuma ke tare rana. Brahmagupta, wanda ya rubuta nasa a 628 kuma ya iya lissafin husufi sarai, sai ya soki masu kore Rahu, ya ce sun saɓa wa nassi. Al-Biruni ya yi mamakin wannan, ya zarge shi da faɗin abin da ya san ba haka yake ba don gudun fushin malamai. A ƙarshe aka yi sulhu irin na 'yan boko da 'yan gargajiya: Rahu da Ketu suka zama sunayen wurare biyun da hanyar wata ke gitta hanyar rana, inda husufi ke faruwa. Masu hisabi suka samu abin lissafawa, masu duba suka riƙe dodonsu. Ku riƙe wannan sulhun, za mu sake ganin irinsa a 1955.

Rahu kalam, lokacin Rahu na kullum, lissafinsa ko ɗan firamare zai iya. A raba tsakanin hudowar rana da faɗuwarta gida takwas. Idan rana ta fito ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, kowane gida awa ɗaya da rabi ne. Ranar Litinin Rahu ke da gida na biyu, 7:30 zuwa 9:00. Asabar 9:00 zuwa 10:30, Juma'a 10:30 zuwa 12:00, Laraba 12:00 zuwa 1:30, Alhamis 1:30 zuwa 3:00, Talata 3:00 zuwa 4:30, Lahadi 4:30 zuwa 6:00. Gidan farko ba ya taɓa zama nasa. A cikin wannan lokaci ba a fara tafiya, ba a sa hannu a yarjejeniya, ba a buɗe sabon shago, amma aikin da aka riga aka fara ana ci gaba da shi. An fi tsananta kiyaye shi a kudancin ƙasar, inda ake haɗa shi da wasu biyu, Yamagandam da Gulika. Abin lura a nan, wannan jadawali bai da wata alaƙa da inda Rahun masu hisabi yake a sama. Ko yana gabas ko yana yamma, Litinin dai 7:30 ce. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hisabi da hukunci tafiya suke tare ba don ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Lokutan sa'a su ma suna nan. Abhijit yana tsakiyar rana, kimanin minti 24 kafin rana ta take tsaka da minti 24 bayanta, ana cewa yana wanke yawancin aibobi, in ban da ranar Laraba. Brahma muhurta yana farawa awa ɗaya da minti 36 kafin hudowar rana, lokacin karatu da ibada. 'Yan kasuwar Gujarat suna da nasu jadawalin, choghadiya, mai gidaje masu sunaye irin su Riba da Cuta. Sannan akwai lokuta masu tsawo. Wata huɗu na damina, Chaturmas, ana cewa Vishnu yana barci, ba a ɗaura aure. Makonni biyu na tunawa da magabata, Pitru Paksha, mutane da yawa ba sa sayen sabon gida ko mota. Ranar Akshaya Tritiya kuwa shagunan zinare ba masaka tsinke. Kasuwar hannun jari ta Mumbai tana buɗewa na awa ɗaya ranar Diwali, ranar hutu, don kawai a yi cinikin sa'a. Masu shirya fim ma ba sa fara ɗauka sai an fasa kwakwa an ɗauki fitowar farko a zaɓaɓɓen lokaci.

Wani zai ce ai al'ada ce kawai, ba ta cutar da kowa. Tana cutarwa. Kafin aure ana gwada takardun taurarin haihuwar saurayi da budurwa a kan maki 36, ana so a samu aƙalla 18. Wanda aka haifa Marrihu yana wasu gidaje ana kiransa manglik, ana tsoron zai jawo wa abokin zamansa mutuwa, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan tambari. Maganin da wasu ke yi shi ne a fara ɗaura wa mutum aure da bishiya ko tulu, nahisar ta faɗa a kansu. Fim ɗin Lage Raho Munna Bhai na 2006 ya taɓo wannan, Phillauri na 2017 kuma a kan auren bishiyar aka gina shi gaba ɗaya. A wasu asibitocin kuɗi har iyalai kan zo wa likita da lokacin da suke so a yi wa mai ciki aiki a ciro jariri. Ga kuma maganar iko: tsawon ƙarnoni Brahman ne ke riƙe da littafin, shi zai faɗa wa manomi da sarki yaushe za su motsa, kuma ba kyauta ba.

A nan zan ɗan ja hankalin masu ɗauko ƙashin labari daga finafinan Indiya su sa masa rigar Hausa. Sau da yawa abin da ya hana aure a asalin labarin yana cikin wannan littafi ne. Idan ka ɗauko jinkirin da kukan da rabuwar, ka bar dalilin a can tun da ba zai zauna a Kano ko Zinder ba, mai karatu zai ji labarin yana ɗingishi ko da bai san daga ina ba. Sai ka nemo wanda ke riƙe da ikon sa rana a gidan da kake rubutawa, baffa ne ko kaka ko mai kuɗin dangi, ka ba shi dalilinsa na kansa.

Mu koma ga tarihi. Matsalar da ta daɗe tana cin panchang ita ce lissafin ya tsufa. Yawancin masu haɗa shi da ƙa'idojin Surya Siddhanta suke aiki, littafin da ya haura shekara dubu, kuma ƙaramin kuskure idan ya taru shekara da shekaru sai ya zama babba. Sarki Jai Singh na biyu ya lura taurari ba sa zuwa inda littafi ya ce, ya gina manyan wuraren auna sama da dutse a Delhi da Jaipur da Ujjain da Varanasi da Mathura a farkon ƙarni na 18. Agogon inuwa na Jaipur tsayinsa ya kai mita 27, yana nan har yau. A ƙarni na 19 injin ɗab'i ya sa panchang ya shiga kowane gida da araha, ya kuma tona asirin saɓanin, tun da yanzu kowa zai iya ajiye biyu ya gwada. Husufi ba ya ɓoyuwa: idan littafi ya ce ƙarfe kaza kuma aka ga saɓanin haka, kowa ya gani. Sai aka rabu gida biyu, masu cewa a bi abin da ido da na'ura suka gani, da masu cewa a bi abin da magabata suka rubuta. A Bengal har gobe akwai panjika iri biyu, ta Gupta Press mai bin tsohon lissafi da Bisuddha Siddhanta mai bin sabo, kuma sukan saɓa a kan lokutan bikin Durga.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan zurfi. Duniya tana layi a hankali kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, wanda ke sa yanayi yana zamewa daga taurari da kimanin kwana ɗaya duk shekara 70 da 'yan kai. Kalandar Hindu da taurari take ɗaure. Bikin Makar Sankranti, wanda ake ɗauka ranar da rana ke juyowa arewa, ana yinsa 14 ko 15 ga Janairu, alhali rana ta riga ta juyo tun 21 ko 22 ga Disamba.

Haka Indiya ta iso bakin 'yancin kai. A farkon Yunin 1947 Lord Mountbatten, wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe, ya sanar cewa za a miƙa mulki 15 ga Agusta. Ya zaɓi ranar ce don ita ce cikar shekara biyu da miƙa wuyan Japan, kuma shi ne ya jagoranci rundunar ƙawance a kudu maso gabashin Asiya. Bai tambayi kowa ba. Masu duba suka buɗe littattafansu suka ce ranar, wadda ta faɗo Juma'a, nahisa ce, kuma 14 ga wata ta fi ta. Mafitar da aka samu ta fito ne daga bambancin kalandun biyu. A lissafin Bature sabuwar rana tana shiga ƙarfe 12 na dare, a lissafin Hindu kuwa sai rana ta hudo. Saboda haka tsakar dare 15 ga wata ce a wurin Mountbatten, a wurin pandit kuma jiya ba ta ƙare ba. Majalisa ta zauna ƙarfe 11 na daren 14 ga Agusta, Jawaharlal Nehru ya yi jawabinsa da ya shahara, aka shiga 'yanci kowa yana ganin ranarsa aka bi. Ga Musulmin yankin kuma daren na 27 ga Ramadan ne na 1366. Bama, inda kakanninmu suka yi yaƙi, ta fi haka ma: ƙarfe 4:20 na asubar 4 ga Janairun 1948 ta karɓi nata 'yancin, bisa shawarar masu duba.

Abin da ya biyo bayan tsakar daren sananne ne. Raba ƙasar ya tashi mutane fiye da miliyan 10 daga gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu, kuma kafin wata shida an harbe Gandhi. Mai duba zai ce ai da ma ya faɗa, ko ya ce da ba a kauce ba da abin ya fi haka muni. Maganar da ba ta da hanyar ƙaryatawa ke nan, shi ya sa sana'ar ba ta faɗuwa.

Nehru bai yarda da duba ba ko kaɗan. Da Rajendra Prasad, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya nuna damuwa cewa 26 ga Janairun 1950 ba ranar sa'a ba ce ta fara aiki da tsarin mulki, Nehru ya ƙi sauya ta. A 1952 aka kafa kwamitin gyaran kalanda, aka ba Meghnad Saha shugabanci. Saha ɗan wani ƙaramin mai shago ne daga wani ƙauye kusa da Dhaka, ba daga manyan dangi ba, ya sha wariya a makaranta, sannan ya zama masanin da lissafinsa na 1920 ya buɗe wa duniya hanyar gane zafin taurari daga haskensu. Mutum ne da ya san taurari fiye da duk masu duban ƙasar, kuma bai ɓoye raininsa ga sana'arsu ba. Kwamitin ya tarar da kalandu kusan 30 ana aiki da su a ƙasa ɗaya. A rahotonsa na 1955 ya kawo kalandar ƙasa mai bin rana da yanayi, mai ƙirga shekara daga Shaka, wadda watanta na farko, Chaitra, ke kamawa 22 ga Maris, ko 21 a shekara mai ƙarin kwana. An fara aiki da ita 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga Chaitra 1879. Saha bai ga ranar ba, ya rasu a Fabrairun 1956.

To amma bukukuwan addini fa? Nan kwamitin ya san ba zai iya ja da dukan malaman ƙasar ba, sai ya sassauta. Aka bar lissafin ibada a ɗaure da taurari yadda yake, aka tsayar da adadi ɗaya na tazarar da ke tsakanin lissafin taurari da na yanayi, digiri 23 da minti 15 a Maris 1956, don masu panchang su daina saɓawa. Gwamnati ta fara buga nata panchang ɗin a 1957, kuma wata cibiyarta da ke Kolkata tana fitar da shi duk shekara a harsuna fiye da goma, da tithi da nakshatra da aka lissafa da hisabin zamani. Sakamakon ya zo a juye. Kalandar ƙasar ba ta wuce jaridar gwamnati da sanarwar gidan rediyon ƙasa da takardun ofis ba, ɗan Indiya na titi da wuya ya faɗa maka yau nawa ga wata a cikinta. Adadin tazarar kuwa, wanda ake kira da sunan sakataren kwamitin, N. C. Lahiri, shi ne yau mafi yawan masu duba ke fitar da takardun haihuwa da shi. Kwamitin da masanin kimiyya ya jagoranta ya ƙare da wasa wa masu duba wuƙarsu.

Shekara biyar da fara sabuwar kalandar, a farkon Fabrairun 1962, rana da wata da taurari biyar da Ketu suka taru a burujin Jadyu, ga kuma husufin rana. Masu duba suka ce duniya ta zo ƙarshe. Aka yi ta hadaya dare da rana, mutane suka ƙaurace wa tafiye-tafiye, wasu suka kwana a fili don tsoron girgizar ƙasa, Nehru yana ta yi musu ba'a. Ranar ta zo ta wuce lafiya, masu hadaya suka ce addu'arsu ce ta karɓu.

A 1973 Jayantrao Salgaonkar ya fito da Kalnirnay a Mumbai, kalandar bango mai haɗa kwanakin Bature da bayanan panchang a awa da minti maimakon ghati, a bayan kowane shafi kuma ga girke-girke da maƙaloli. Matar gida ta samu damar duba lokaci da kanta ba sai ta aika wurin pandit ba, kuma ana sayar da miliyoyinta duk shekara. A 1976 aka sa wa tsarin mulki sakin da ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin raya tunani irin na kimiyya. A 2001 kuma hukumar jami'o'in ƙasar ta amince a koyar da duban taurari a matsayin kwas na digiri, masana suka kai ƙara, kotun ƙoli ta kori ƙarar a 2004. Masanin falaki Jayant Narlikar da Narendra Dabholkar, likitan da ya sadaukar da rayuwarsa ga yaƙi da camfi, sun shirya gwaji a Pune a 2008. Suka ba masu duba takardun haihuwar yara, suka ce su ware masu hazaƙa a makaranta daga masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Sakamakon bai fi na mai canki-canka ba. An harbe Dabholkar a kan titi a Pune ranar 20 ga Agustan 2013.

Saɓanin da aka kafa kwamitin Saha don kashewa shi ma yana nan da ransa. A 2024 tithin ɓacewar wata ya shiga da yammacin 31 ga Oktoba ya fita da yammacin 1 ga Nuwamba, malamai suka rabu a kan wace rana ce Diwali, wasu garuruwa suka kunna fitilunsu yau wasu gobe. Wanda ya taɓa ganin Sallah biyu a gari ɗaya ya san yadda gardamar take. A Janairun shekarar, bikin buɗe wurin bautar Ram a Ayodhya, wanda aka gina a filin Masallacin Babri da aka rushe a 1992, an tsara muhimmin sashensa ne a cikin daƙiƙa 84 da masu duba suka ware a lokacin Abhijit, firaminista Narendra Modi yana zaune a gaba. Bayan 'yan makonni aka ƙaddamar da wani agogo a kan hasumiya a Ujjain, wanda ba ya fara ƙirga daga tsakar dare. Daga hudowar rana yake farawa, yana raba kwana muhurta 30, yana kuma nuna tithi da nakshatra a allon lantarki.